Kansila Neville da Hasumiyar Shan Iska

Duk wanda ya ce garin Yarrabindi bai taɓa haifar babban mutum ba, to bai taɓa tsayawa a bakin titi ya ga Kansila Neville Haverstock yana tsallakawa ba. Ko burodi zai je saye, tafiya yake kamar ana buga masa taken ƙasa. A garin da zafi ke narkar da kwalta, inda likita da shugaban makaranta ke zuwa aiki da gajeren wando, shi kaɗai ke fita da kwat da naktai, gumi na bin wuyansa, yana ɗaga wa jama'a hannu ko sun gaishe shi ko ba su gaishe shi ba. Masu hassada na cewa girman kai ne. Mu da muka san shi mun san sadaukarwa ce. Dole wani ya riƙe wa garin nan mutuncinsa, kuma Neville ya duba gabas ya duba yamma bai ga wanda ya fi shi cancanta ba.

Baiwarsa ta gaske kuwa a baki take. Shekara ashirin da ɗoriya yana kansila, kuma ko ban-ɗakin jama'a ba a taɓa buɗewa ba sai da ya yi jawabi. Yakan faro daga Girkawan dā, ya biyo ta kan yaƙin duniya, kafin ya iso ban-ɗakin rana ta karkata. Mata kan zo da saƙarsu. Maza kuwa sun koyi barci a tsaye, hula a kan fuska.

Sai dai akwai abin da ke cin Neville a rai, kuma a nan ba zan yi masa dariya ba. Ya haura saba'in. Shi da matarsa Raelene ba su samu haihuwa ba, ba shi da wa ba shi da ƙane. Ranar da aka binne shi, sunan Haverstock zai bi shi ƙasa. Abin da yake so kawai ya bar sunansa a kan wani abu da zai tsaya bayansa, abin da jikokin wasu za su riƙa ambata ko da ba su san waye ba. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar ita ce garin da aka haife shi.

A Yarrabindi majalisa ce ke gina abu, amma barandar mashayar Dot Mulvaney ce ke raɗa masa suna. Tun zamanin kakanni haka ake. Za a manna allon tagulla, a yanke kyalle, a yi tafi, sannan da yamma wani makiyayi ya kurɓi giyarsa ya furta kalma ɗaya, shi ke nan an gama. Zauren taron da aka sa wa sunan wani tsohon gwamna, Firiji muke ce masa, don ko da bazara sanyi gare shi. Wurin ninkaya sunansa Miya. Neville ya taɓa kafa benci a gaban gidan waya da sunansa a jiki, mako bai zagayo ba ya zama Otal ɗin Karnuka. Ya dasa furanni a shataletale ya kira wurin Lambun Haverstock, kangaru suka cinye su tas, wurin ya zama Gidan Abinci. Har mai kai wasiƙa da wannan sunan yake aiki.

Ana nan sai aka tura shi taron sauyin yanayi a Brisbane, don wanda ya kamata ya je yana da gwanjon shanu a makon. Neville ya yi barcinsa har azahar, ya farka daidai lokacin da wata mata ke bayani a kan methane, iskar nan da shanu ke gyatsawa, juji da fadama ke hurowa, wadda ke tare zafin rana a sama fiye da hayaƙin mota nesa ba kusa ba. Matar ta ce in aka rage ta, ɗumamar duniya za ta ɗan lafa da wuri. Ta ce akwai masu gwada na'urar da ke zuƙo iska ta tace methane daga ciki, kuma wani kamfani yana neman garin farko da zai yarda a gwada. Duk sauran bayanin ya bi iska. Kalma ɗaya Neville ya ji, ita ce "farko".

Ya dawo gida wani mutum daban. A zaman majalisa na gaba ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat, ya sake ɓalla shi.

"Ya ku 'yan majalisa, ya ku jama'ar Yarrabindi, ya ku al'ummar da ba a haifa ba tukuna!" 'Yan kallon ranar ba su cika benci guda ba, har da karen magatakarda. "Duniya tana zazzaɓi. Manyan ƙasashe sun yi taro sun watse. Masana sun ɗaga hannu. Sai tarihi ya waiga yana neman mutum guda mai hangen nesa, a gari guda mai ƙarfin zuciya. Ban nemi wannan nauyi ba. Amma wane ne ni da zan ce wa tarihi ya dawo gobe?"

Col Brannigan, wanda shanunsa suka fi mutanen garin yawa, ya ɗaga hularsa daga kan fuska.

"Tsaya, Nev. Wato shanuna ne suka ɗumama duniya?"

"Ban zargi saniyar kowa ba, Colin. Kuma a cikin wannan zaure Kansila Haverstock ake cewa."

"To, Nev," in ji Col, ya mayar da hularsa.

Dole a yaba wa Neville a kan wannan adalci da ya yi wa shanu, domin bai taɓa kusantar ko ɗaya ba balle ya san halinta. Da mai hoton jaridar gari ya nemi ya tsaya kusa da wata karsana, sai da aka tabbatar masa akwai shinge biyu a tsakaninsu.

Kamfanin ya turo injiniya daga Melbourne, mutum mai haƙuri da tabarau. Ya yi wa Neville bayani a hankali. Ya ce methane ɗin da ke yawo a fili ƙalilan ce, kamar kashi biyu cikin miliyan, kama ta ya fi tsince gishiri daga cikin tafki wuya. Don haka gara a ajiye na'urar a rumfunan kiwo da ke bayan kasuwar shanu, inda iskar ta fi kauri. Ba ta buƙatar tsawo ma, akwati ne kamar kwantenar mota.

Neville ya dube shi da tausayi.

"Akwati, saurayi? A bayan kasuwar shanu? Faɗa mini sunan akwati ɗaya da tarihi ya riƙe."

Hasumiya yake so. Kuma dole ta fi rumbun alkama tsawo, ta fi ƙaton kifin simintin da garin maƙwabtanmu suka kafa a bakin hanya, wanda ya daɗe yana hana Neville sukuni. Dole kuma duk mai mota da ya biyo babbar hanya ya hango ta. Wuri ɗaya ne a Yarrabindi ya cika wannan sharaɗi, shi ne Tudun Juji.

Ba Allah ne ya yi tudun nan ba, mu muka yi shi. Sharar shekara arba'in ce: ruɓaɓɓen abinci, katifu, mushen tumaki, ragowar kowane biki da aka taɓa yi a garin. Da ya cika aka lulluɓe shi da yumɓu mai kauri, aka shuka ciyawa, aka bar shi yana dahuwarsa a ciki. Injiniya ya ce a yi komai amma kada a huda yumɓun nan, kada haƙa ya wuce ƙugun mutum. Neville ya gane nan take cewa yana fama da mutumin da ba shi da hangen nesa. Ya yi ta rubuce-rubuce da buge-bugen waya har injiniya ya kwashe tabarunsa ya koma Melbourne, kamfanin ya aiko da fankoki da matatai a mota ya ce su ƙarata. Aikin ginin ya faɗa hannun wani ɗan kwangila ɗan'uwan Raelene, wanda bai taɓa ce wa mai biya a'a ba. Doguwar hasumiya tana son dogon tushe. Suka yi ta kafa turakun ƙarfe har cikin hanjin tudun, majalisa kuma ta sauya wa wurin suna zuwa Tudun Makoma.

Hasumiya ta tashi, fara sal, da fankoki a kai suna kuka dare da rana. Gaskiya ta yi kyau. Saura abu ɗaya, wanda majalisa ba ta da iko a kansa.

Wata Juma'a da yamma Neville ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya hau barandar Dot, ya ja kujera cikin makiyaya, ya ce a zuba wa kowa. Wani ya leƙa sama ya ga ko hadari ne.

"Ina wucewa ne kawai," in ji Neville. "Abin mamaki, mutane sai tare ni suke a hanya, wai Hasumiyar Haverstock kaza, Hasumiyar Haverstock kaza. Ni fa na ce musu su bari. Amma ka san jama'a in suka so abu."

"Su waye suka tare ka, Nev?" in ji Dot tana goge kofi.

"Mutane dai."

"Ai mu ne mutanen, ɗan nan. Ga mu nan duka."

Spud Kowalski, shugaban 'yan kwana-kwanan sa kai, ya ce shi dai in an tambaye shi, abin ya yi masa kama da abin goge ban-ɗaki. Col ya ce a'a, ya fi kama da yatsa, kuma ya san wane yatsa. Aka tuntsire da dariya, amma ba wanda ya buga tebur, don haka ba suna ba ne tukuna. Dot ta ga fuskar Neville, ta ɗan sassauta murya.

"Ba a nan ake shigar da buƙata ba, Nev. Suna zuwa yake da kansa. In ya zo za ka ji."

Ya koma gida ya gaya wa Raelene tattaunawa ta yi armashi ƙwarai. Raelene, wadda ta shekara arba'in da wani abu tana fassara maganar mijinta, ta ƙara masa dankali a faranti.

Kafin ranar buɗewa, ciyawar da ke gindin hasumiyar ta ƙone ta zama ruwan ƙasa. Sannan wari ya fara saukowa cikin gari, warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke shiga kayan shanya ya ƙi fita. Masu ƙaramar ƙwaƙwalwa suka fara guna-guni. Neville ya kwantar musu da hankali a jarida.

"Wannan wari da kuke ji, ƙamshin nasara ne. Hasumiyar tana janyo gurɓatacciyar iska daga kowace kusurwa ta nahiyar nan zuwa gare ta. Duk ranar da wari ya ƙaru, ku sani duniya ta ƙara samun sauƙi."

Duniya kuwa ta yi ta samun sauƙi, har ta kai ba ma iya buɗe taga.

Ranar buɗewa garin duk ya hau tudu, kowa da hankici a hanci. An gayyato wata masaniya daga jami'a, Dokta Thuy Pham, don ta auna iska ta shaida abin al'ajabi. 'Yan kwana-kwana kuma suka zo da murhun gashinsu, domin a Yarrabindi ba a buɗe abu, ba a rufe abu, ba a zaɓe, sai da soseji, niƙaƙƙen naman nan da ake gasawa, da albasa a cikin yankan burodi.

Dokta Pham ta kunna na'urarta a bakin fili, na'urar ta yi ɗan ƙara. Ta matso kusa da hasumiyar, na'urar ta kama ihu. Ta durƙusa kusa da wata tsaga a gindin siminti, na'urar ta yi wani irin kuka da ko ita ba ta taɓa ji ba. Ta miƙe da sauri ta nufi mumbari.

"Kansila, don Allah minti ɗaya. Akwai matsala."

Amma Neville ya riga ya kama makirufo, kuma ba a haifi wanda zai ƙwace shi ba.

"Kun ji da kunnenku! Kimiyya ce ke tafi! Ya ku jama'a, tun ranar da Bagirken farko ya ɗaga kai ya dubi sama..."

Yana tsakiyar daular Rum iska ta juya, ta dinga kashe wa Spud wutar murhu. Spud, mutumin da ya shekara talatin yana koya wa 'yan makaranta haɗarin wuta, ya tura murhun zuwa inda iska ba ta kaiwa, wato jikin hasumiyar. Dokta Pham ta hango shi daga nesa, ta ɗaga hannu biyu tana ihu. Spud ya ɗaga mata yatsa biyu, ya zaci soseji biyu take so. Wani ɗigon kitse mai ci da wuta ya faɗa kan tsagar.

Wuf!

Harshen wuta shuɗi ya tashi daga ƙasa, ya fi mutum tsawo, yana huci. Jama'a suka watse, kujeru suka kife, karnuka suka samu rabonsu na soseji. Ba wanda ya ji rauni, in ban da girar Spud da ta tafi ba sallama. Neville kuwa, don a faɗi gaskiya, ya nuna jarumtaka. Bai saki makirufo ba, tare da shi ya shige ƙarƙashin tebur.

'Yan kwana-kwana, da ke wurin dukansu cikin tufafin girki, suka jawo mesar ruwa. Dokta Pham ta sha gabansu.

"Kada ku kashe! Ku kashe fankokin can, ku matsar da mutane, amma ku bar wutar."

"Baiwar Allah, mu fa kashe wuta muke," in ji Spud yana shafa inda girarsa take dā.

"Na ga alama," in ji ta. Sannan ta yi bayani a taƙaice. Turakun hasumiyar sun huda jujin, methane ɗin shekara arba'in tana kwarara waje. Abin da ramin nan ke saki a safiya ɗaya, hasumiyar ba za ta tace shi ba ko ta shekara tana juyi. In aka kashe wutar, iskar za ta ci gaba da hawa sama. In aka bar ta, tana ƙonewa ta koma hayaƙin da bai kai ta illa ba ko kusa. "A duk tudun nan," in ji ta, "wutar nan ce kaɗai ke yi wa duniya aiki."

Da wani mutum ne, da kunya ta kashe shi a ranar. Amma ba Neville ba. Ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya karkaɗe gwiwa, ya hura makirufo.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu shi ne mataki na biyu na shirin."

Bayan 'yan makonni ma'aikata suka zo daga birni suka toshe tsagogin, suka tattara iskar cikin bututu ɗaya, suka kewaye shi da waya. Wari ya ɗauke. Fankokin ba su sake juyi ba, tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki. Wutar kuwa ta tsaya a kan bututunta tana huci, ana hango ta daga babbar hanya, masu motocin yawo suka fara ratsowa don ɗaukar hoto. Jaridun birni suka rubuta cewa wani ƙaramin gari ya fara ƙona iskar jujinsa, sauran garuruwa su yi koyi. Ba su ambaci hasumiya ba.

Sunan ya zo ne wata yamma, yadda yakan zo. Suna zaune a barandar Dot suna kallon tudun, sai Col ya nuna da haɓa.

"Ku dube ta dai. Iska mai zafi tun safe har dare. Ba ta gajiya, ba ta sauraren kowa, kuma ba wanda ya san inda ake kashe ta."



"Neville ke nan," in ji Dot.

Spud ya buga tebur. Kowa ya buga.

Raelene ce ta kawo labarin gida daga shagon gyaran gashi. Ta same shi a kicin yana shan shayi, naktai a wuya.

"Nev, sun raɗa suna."

Ya ajiye kofi a hankali. "Me suka ce, Rae?"

"Neville."

Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya zauna baki a buɗe, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya miƙa hannu ya kama nata. Ni dai har ga Allah a wannan lokacin na tausaya masa.

"Hasumiyar?" ya tambaya can.

"Wutar."

"Wutar," ya maimaita, yana ɗanɗana kalmar. Fuskarsa ta washe. "Ai ya fi ma. Haske, Rae. Fitila ga al'umma. Ashe mutanen nan suna gani, kunyar faɗa suke."

Raelene ta san dalilin sunan, mai gyaran gashi ta ba ta shi har da kwaikwayon murya. Ta dubi mijinta, ta tashi ta ɗora wani ruwan shayin.

Tun daga ranar Neville ya zama ɗan baranda. Kullum da yamma yana can cikin sabuwar kwat, kujerarsa na fuskantar tudu, yana sauraren sunansa a bakin mutane. Neville ya yi tsawo yau. Ana jin hucin Neville tun daga gada. Ruwan jiya ma bai sa Neville ya yi shiru ba. Kowace magana sai ya gyaɗa kai cikin tawali'u, kamar mai karɓar gaisuwa.

Ranar wata Asabar wata doguwar motar yawo ta tsaya a ƙofar mashayar. Wani dattijo da matarsa suka sauko, kyamara a wuya, fuska duk ƙurar hanya.

"Sannunku, bayin Allah. Tun daga Adelaide muke jin labarin Neville. Mun ce ba za mu wuce ba sai mun gan shi da idonmu."

Neville ya miƙe tsam. Ya gyara naktai, ya ɓalla maɓallin kwat, ya share maƙogwaro, ya miƙa hannu da murmushin da ya shekara saba'in yana ajiya.

Dot ko ɗaga kai ba ta yi daga kofin da take gogewa ba.

"Zauna, Nev. Mai amfanin suke nema."